Abin da Kuka Rasa

Zuwa ga Gwaggo mai keken ɗinki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yarki Auta da duk mutanen gida. Mu nan ƙalau muke, sai zafin rani da ya sa mu gaba.

Na san za ki juya takardar ki ce wane ne kuma wannan. Ni ne ɗan yayanki da ya tafi birni tun yana saurayi, wanda kakansa da kakanki suke wa da ƙane. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, lokacin da kika zo mana gaisuwar rasuwarsa. Kika kama kunnena kika murɗa, kika ce wannan kunnen na gidanku ne. Har yau in na tuna sai na shafa wurin.

Gwaggo, ina aiki da wata ƙungiya mai taimakon ƙauyuka, aikina wanke hotuna. Bana an fito da sabon tsari. Maimakon mu zo mu ɗauki hotonku mu kama gabanmu, ku ne za ku ɗauka da hannunku, ku nuna garinku yadda kuke ganinsa. Za a rataya hotunan ƙauyuka da dama a babban ɗakin taro, kwamiti ya zagaya ya duba. Ƙauyen da hotunansa suka fi magana, shi za a yi wa aiki guda ɗaya, kuma ba da ɓata lokaci ba. Ni na sa sunan garinku, don babana har ya koma ga Allah bai daina zancen kogin nan naku marar gada ba. Akwai gadar ƙafa ta ƙarfe da ake kawowa a mota a harhaɗa, ita nake muku kwaɗayi.

Direban motar kasuwa zai ba ki kwali. Ƙananan kyamarori ne masu fim, ba ruwansu da wutar lantarki. Ki sa rana a bayanki, ki sa ido a ɗan gilashin sama, ki danna, ki murɗa. Don Allah kada kowa ya buɗe bayanta sai fim ya ƙare an naɗe shi, haske yana kashe hoto. Ki rarraba wa mata, tunda na san babu macen da ba ta zuwa gindin kekenki.

Abin da za ku ɗauka kuwa ba shi da wuya. Ku ɗauki hoton abin da kuka rasa. Shi ke nan. In fim ya ƙare ki ba direba ya kawo min.

Naki,
ɗan yayanki.

*

Ɗan Yaya,

Wa alaikumus salam. Takarda ta zo, kwali ya zo, direba ma ya zo da surutunsa. Lafiyata lau in ban da gwiwar dama, wadda keke ya daɗe da cinyewa. Ashe kana raye? Ni ai na ɗauka birni ya haɗiye ka kamar yadda ya haɗiye ubanka. Zumunta a ƙafa take, amma tunda taka a kwali ta zo, mun karɓa da hannu biyu.

Ka gaida Auta kamar tana gabana. Auta ta daɗe da barin gida, tana aure a tsallaken kogi, kuma ciki gare ta. Malamar asibiti ta duba ta ce sai tsakiyar damina. To ka ji inda barcina ya tafi. Asibitin yana wannan gefen namu, su suna wancan, kogin kuwa in ya kawo ba ya jin sallamar kowa.

Ba ka san yayarta ba. Kurciya muke ce mata, don ko shara take yi sai ka ji tana rera wani abu ƙasa-ƙasa a maƙogwaro. Ita ma a tsallaken ta yi aure. Daminar bara waccan naƙuda ta zo mata da gardama, aka ɗauko ta zuwa mashigi, aka tarar ruwa ya cika baki da baki. Akwai wani faffaɗan dutse a gindin bishiya a can gefen, nan aka kwantar da ita ana jiran ruwa ya ja. Ni ina wannan gefen ina hangen zanenta, zanen da ni na kalmashe bakinsa da keken nan. Tun hantsi har rana ta yi sanyi. Ruwan bai ja ba sai da ta riga shi tafiya. Don haka da ka ce gada, Ɗan Yaya, ka taɓa min wurin da ba a taɓawa.

Na tara mata a tsakar gidana na karanta musu takardarka. Da na zo inda ka ce ku ɗauki hoton abin da kuka rasa, sai suka matso kusa. Wata ta ce, "Wane irin yaro ne wannan, da ya san inda ke mana ciwo tun daga birni?" Wata ta ce, "To ta yaya ake ɗaukar hoton wanda ba ya nan?" Matar mai injin niƙa, wadda bakinta ya fi injin mijinta aiki, ita ta raba gardama. Ta ce, "Ku ɗauki inda yake zama, mana."

Haka muka yi. Kowa ta bi nata. Wata ta ɗauki kujerar mijinta a gindin bango. Wata ɗakin ɗanta da ya tafi neman aiki shiru har yau. Matar mai niƙa ta ɗauki ɗakin ƙanwarta. Ni na ɗauki ɗakin Kurciya na 'yanmatanci, da gadonta, da ƙusar da take rataya mayafi. Sannan na tsallaka, tunda yanzu ruwan bai wuce idon sawu ba, na je na ɗauki dutsen.

Abin nan naku akwai shu'umanci. In ka rufe ido ɗaya ka sa ɗayan a gilashin, sai duniya ta ƙanƙance ta yi shiru, ta tsaya cak tana jiranka. Inuwar ganye tana yawo a kan dutsen, ni kuwa wallahi sai da na ga gefen zanenta. Na danna da sauri kafin ta tashi. In ka wanke ka duba min ko ta fito.

Af, da na ce musu wanke hotunan za ka yi, matar mai niƙa ta ce in gaya maka kada ka cuɗa da ƙarfi, kuma sabulu kaɗan.

Ga fim nan a leda, ga takarda a hannun direba.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Auta da kowa. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni, amma da sauƙi.

Direba ya kawo min ledar fim, na ce ina takarda, ya laluba aljihu ya ce ba a ba shi ba. Na ce to, ko Gwaggo fushi take da ni, ko kuma tawada ce ta yi tsada a garin.

Da ma kina nan ki ga inda nake aiki. Ɗan ƙaramin ɗaki ne babu taga, sai wata jar fitila da ke sa hannun mutum ya zama kamar ba nasa ba. Nakan tsoma farar takarda a tiren ruwan magani in riƙa girgizawa a hankali. Da fari babu komai, sai wata inuwa ta taso daga ƙarƙashin ruwan, sai ka ga ido, sai hanci, sai mutum ya fito yana kallonka. Shekara da shekaru ina yi, amma har yau gabana yakan faɗi a daidai wannan lokacin. Naku na tsoma ina ta jiran fuskokin dangina su taso min. Na jira, na girgiza, na sake jira.

Hotuna sun fito, Gwaggo, amma babu komai a cikinsu. Ɗaki, ɗaki, wani ɗakin. Gado ba kowa. Kujera ba kowa. Ƙusa a bango! Sai wani dutse a gindin bishiya. Shugabarmu ta duba ta duba, ta ce ko matan kunya suke ji suna kaucewa in an zo dannawa. Sauran ƙauyukan sun aiko da mata a layin rijiya da bokitai, da makarantar da iska ta kwashe wa rufi, da yara zaune a ƙasa. Wanda ya gani ba sai an yi masa bayani ba.

Wataƙila ni ne ban faɗa da kyau ba. Abin da kuka rasa, wato abin da ba ku da shi kuma kuke bukata. Ki sa a ɗauki kogin. A ɗauki mutane suna tsallakawa da kaya a ka, da tsoho da aka goyo, da mai ciki a bakin mashigi in akwai. Ga sabon fim nan. Kwamiti zai zauna ƙarshen watan gobe, don girman Allah ki sa ya iso kafin nan, in ba haka ba gadar nan ta wuce mu.

Ban san dalili ba, amma hoton dutsen nan ban jefa shi cikin kwali da sauran ba. Yana nan manne a saman tirena, nakan kama kaina ina kallonsa.

Naki,
ɗan yayanki.

*

Ɗan Yaya ɗan albarka,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun sami ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi. Gwiwa tana nan da halinta. Auta ta zo awo ranar kasuwa, ta yi nauyi, tafiya take kamar agwagwa.

Takardarka ta sha wuya kafin ta same ni. Motar direba ta kafe a tsakiyar mashigi, ya sauka turi, santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwa, takardar kuwa tana aljihun gaba. Ashe kogin ma ya koyi sana'arka, ya wanke ta tas. Fim dai yana leda, bai jiƙe ba. Na shanya takardar a kan murfin keke, ta bushe ta yi shuɗi-shuɗi. Gaisuwa ta tsira a sama, naki ya tsira a ƙasa. A tsakiya kuwa Allah ya bar min abin da nake nema. Na ga "Hotuna sun fito, Gwaggo," sai tabon ruwa, sai "babu komai." Alhamdu lillahi! Ni da ma fargabata kada ka ce mun ɓata maka kaya. Tunda sun fito kuma babu komai, ai magana ta ƙare.

Na aika aka gaya wa mata, gida ya cika. Yanzu haka har an fara rigimar inda ƙafar gadar za ta zauna. Matar mai niƙa ta ce saitin injinsu, wai don amfanin jama'a. Na ce wa Auta ta kwantar da hankalinta, ɗan'uwanta na birni ya tsaya mata, bana a kan ƙarfe za ta taka ta zo asibiti.

Jiya na kishingiɗa bayan azahar sai na yi mafarki ina ɗinka gadar da kekena. Yadi ne fari mai tsawo, ina takawa yana fita ta ƙofa, ya bi hanya, ya gangara mashigi, ya hau kan ruwa bai nitse ba. Mata suna tahowa a kai ɗaya bayan ɗaya da tsofaffin cikkunansu, babu wadda ƙafarta ta jiƙe. Zaren bai tsinke ba har na farka.

Mun gode da tukwicin sabon fim. Na adana shi a aljihun keke, sai ranar buɗe gada.

Ka ga direban nan? Da ana fitar da kaya daga motar don su bushe, sai ga takardata ta farko a ƙarƙashin kujerarsa, ta sha baƙin mai. Ashe bai ba ka ba! Na wanke shi tas, ba da sabulu kaɗan ba. Ga ta nan na haɗa maka da wannan. Ya ce hanya ta lalace, sai an gyara mota zai shigo birni, to duk ranar da ta iso ka ba ni amsar tambayata ta ciki.

Ka aiko mana da hotunan mu gani da idonmu.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya, zuciyata ce babu daɗi, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Ba mu sami gadar ba. Kwamiti ya zauna, an ba ƙauyen masu layin rijiya. Takardunki biyu sun iso min tare, bayan an riga an tashi taron.

Abin da na rubuta miki shi ne babu komai a cikinsu, wato hotunan wayam suke, a sake ɗauka. Kogi ya cinye ƙarshen maganar ya bar miki farkonta. Na yi ta jiran sabon fim, da na ga shiru sai na rataya waɗanda ke hannuna haka nan, ba bayani, don ni kaina ban san me zan rubuta a ƙarƙashinsu ba. Mutane suka riƙa wucewa ta gabansu da sauri.

Sai da na karanta takardarki mai baƙin mai. Na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa, na baje hotunan a ƙarƙashin jar fitila. Gwaggo, ashe cike suke. Ni na ce abin da kuka rasa ina nufin gada, ku kuka ji ni da kunnen waɗanda suka yi rashi. Kalma ɗaya ce, ni na san gefenta ɗaya, ku kuna zaune a ɗaya gefen. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa miki. Na kai wa shugaba takardarki ta karanta, da ta gama ta ce a ajiye sunanku sai baɗi. Amma cikin Auta ba zai jira baɗi ba, na sani.

Kin tambaye ni ko Kurciya ta fito. Na duba da gilashin ƙara girma, lungu-lungu. Ba ta fito ba, Gwaggo. Dutse ne da inuwar ganye. Ba zan yi miki ƙarya a kan wannan ba.

Ga hotunan nan duka, na wanke su manya, na naɗe a leda biyu. Naku ne. Ki gaya min me zan iya yi. Ko in nemi mota a kawo Auta nan wurina?

Ki yafe ni.

Ɗan yayanki.

*

Ɗan Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, tunda an ce in an tambaya a ce lafiya.

Da na karanta takardarka, da kana kusa da kunnen nan naka ya bar jikinka. Kai da ka yi boko ka rasa yadda za ka ce mu ɗauki kogi? Kogi! Kalmar da ko ɗan koyon magana ya iya. Na yini ina masifa, na zagi direba, na zagi kwamiti, na zagi tawada marar ƙarko. Da na gaji sai na dawo kaina. Ni ma wace irin gaula ce, da na ga rabin magana na ɗinka mata sauran da son zuciyata? Tela da bai auna ba ya yanka, ai shi ya san inda zai sa kunyarsa. Ni ce fa na ce wa Auta ta kwantar da hankali. Batun kawo ta birni kuwa ka bar shi, wannan hanyar ko mai lafiya sai ta zubar masa da abin da ke cikinsa.

Ban san yadda zan fuskanci mata ba, sai na ce bari hotunan su yi min gaba. Ranar kasuwa na shanya su a igiyar shanyar kayana, daga bakin zaure har bayan ɗaki, na maƙale su da allurai. Iska tana ɗan kaɗa su. Mata suka shigo, na gaya musu gaskiya, babu gada. Na ɗauka za a cinye ni ɗanya. Babu wadda ta kula ni, kowa ta tafi neman nata. Ka ga mace tsaye gaban hoton ɗakin da take sharewa kullum, tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Wata ta sa yatsa tana shafa kujerar mijinta. Har masu zuwa daga tsallake suka ajiye kwandunansu suka shigo, malamar asibiti ma ta leƙo.

Can sai matar mai niƙa, da ta bi igiyar daga farko har ƙarshe tana leƙa na kowa saboda gulma, ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Ikon Allah! Ashe haka garin nan yake cike da ɗakuna ba kowa? Ga gado, ga gado, ga wani gadon, duk gizo-gizo ke kwana." Ka san kowa nata ɗakin ta sani, ta rufe shi da baƙin cikinta. Ba mu taɓa ganinsu a jere ba sai a igiyar nan.

Malamar asibiti ta ce, "Kuma duk a wannan gefen suke."

Ɗan Yaya, ka ji magana. Muka dubi juna. In ba za a kawo wa masu ciki gada ba, me zai hana su tsallako tun ruwa bai kawo ba, su zauna a ɗakunan nan har su sauka? A take mata suka fara cewa nawa yana nan, nawa ma. Wadda ɗanta ya tafi neman aiki ta ce in ya dawo fa? Aka ce in ya dawo ya kwana zaure, shi ya jawo. Ta yi dariya tana share hawaye.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Uwar mijin Auta tana wurin, mace ce da ba a tanƙwara ta. Na ja ta gefe na roƙe ta. Ta ce, "Damina ce fa. Wa zai kai wa maza abinci gona? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu a ɗakunanmu muka haifi namu, ga su nan da ƙafafunsu." Na ce kina wurin ranar Kurciya, a cinyarki kanta yake. Ta ce, "Kwana ne ya ƙare." Ta ɗauki kwandonta. Raina ya ɓaci, na fizgo hoton dutsen daga igiya na cusa mata cikin kayan cefanenta, na ce ta je da shi, dutsen na tsallake ne, ba namu ba.

Yanzu na share ɗakin Kurciya, na buɗe taga, na shimfiɗa zanen gado. Ruwa ya kai gwiwa a mashigi, gabas kuma kullum a haɗe take. Auta tana can. Nakan je bakin kogi in tsaya in dawo. Ka taya ni da addu'a.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Kasuwa ta ci ta sake ci, ina zuwa tasha ba direba ba labarinsa. An ce hanyarku ta yanke, an ce kogin bai taɓa kawowa irin na bana ba. Wannan takardar wani mai babur na ba, ban ma san ko za ta iso ba.

Na sake wanke hoton dutsen don kaina. In na tsoma takarda a ruwan magani yanzu sai in kau da kai, ina tsoron abin da zai taso. Abinci ma ba ya min daɗi.

Auta ta tsallako? Ko layi ɗaya ne ki rubuto min, ki naɗe shi a leda.

Ɗan yayanki.

*

Ɗan Yaya mai kunnen gidanmu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, wannan karon lafiyar gaske. Gwiwa ma ta ji kunya ta yi sauƙi. Mai babur ya kawo takardarka, amma ba wanda zai koma da amsa sai yanzu da ruwa ya fara ja. Ka sha ruwa ka zauna, ka ci abincinka.

Bayan takardata ta ƙarshe na yi kwanaki ina sintiri bakin kogi. Wata safiya ina kan keke, sai na ji sallama. Na ɗaga kai, ga uwar mijin Auta a bakin ƙofa, zane jiƙe sharkaf har ƙugu, ƙunshin kaya a ka. Ga Auta a bayanta tana haki, mijinta riƙe da hannunta. Na tsayar da keke.

Uwar mijin ba ta ko zauna ba. Ta zaro hoton daga ƙirjinta ta ajiye min a kan murfin keke, duk ya lanƙwashe. Ta ce, "Karɓi abinki, ya hana ni sakat. Dutsen nan kullum ta gefensa nake wucewa, har kaya nake saukewa a kai in huta, ban taɓa ganinsa ba. Da na jefa takardar nan bayan tulu sai ta riƙa kallona. Na kifa ta, na ji ta a bayana. Jiya na ɗauka zan sa a murhu, sai na duba da kyau." Sannan ta ce, "Faɗi gare shi. Akwai sauran wurin kwantar da wata a kansa."

Ta juya ta ce wa ɗanta su tafi kafin ruwa ya ƙaru, wai abincin gona ita za ta kai, ba ta mutu ba tukuna. Na bi ta da godiya, ta ce in riƙe godiyata in ba 'yarta abinci.

Da labari ya bazu cewa ita ta kawo tata, sai wasu ma suka kawo nasu. Ɗakin ƙanwar matar mai niƙa ya samu baƙuwa, ɗakin mai neman aiki ma haka. Ba a daɗe ba sama ta buɗe. Kwana da kwanaki ana zuba, kogi ya haye har gindin bishiyar, dutsen ma ya nitse ba a ganinsa.

A cikin wannan ruwan naƙuda ta kama Auta, kuma da gardama ta zo, irin ta yayarta sak. Muka riƙe ta ni da matar mai niƙa, lema ɗaya mu uku, muka taka zuwa asibiti, tafiyar da ba ta fi ta zuwa ɗebo ruwa ba. Ina zaune a benci ina jin rurin kogi ta taga. Na ce masa yi ta yi, yau babu naka a nan. Malamar ta daɗe a ciki. Da ta fito gumi ya jiƙa mata riga, ta ce min, "Mama, shigo ki ga jikarki."

Mace ce. In tana barci takan yi wani ɗan sauti ƙasa-ƙasa a maƙogwaro. Ban ce komai ba, kai ma kada ka ce.

Gada kuwa ba mu haƙura ba, ka gaya wa shugabarku. Na fasa ajiyar fim ɗin nan. Mun ɗauki kogin yana hauka, mun ɗauki maza tsaye a tsallake suna hangen gidajen da matansu suke, ba halin zuwa. Baɗi da bakinmu za mu zo mu tsaya gaban hotunan, ba za a sake rataya mu ba bayani ba. Ka tanadi kujeru, matar mai niƙa ta ce ita za ta fara magana, Allah ya ba kwamiti haƙuri.

Na ƙarshe a fim ɗin ni na ɗauka. Na tsaya daidai inda na tsaya wancan karon, a bakin ƙofar ɗakin Kurciya, rana a bayana yadda ka koya min. Ɗakin ne dai, gadon ne, ƙusar ce, sai dai yanzu da mayafi a jikinta. In ka tsoma shi a ruwan maganinka kada ka kau da kai. Ka girgiza a hankali, ka duba kan gadon, can wajen bango. 'Yar mitsitsiya ce, kada ka ce min babu komai.

Gwaggonka.